Kafin ka kama akala

Ɗana, saƙonka ya iso ni daren Laraba. Ƙanenka ya kunna mini shi a wayarsa har sau biyu, don kunnena ya fara nauyi. Na ji ka ce ka haɗa ɗan abin da Allah ya ba ka a Jado, kana so ka sayi raƙumi wanda ya riga ya san aiki, ba ɗan taguwar da za ka yi shekaru kana jiran ya kawo ƙarfi ba. Na kuma ji ka ce wani abokinka ya turo maka hoton wani fari dogo, tun da ka gan shi barci ya ƙaurace maka. A nan na sa yaron ya tsayar da maganar na yi dariya, don ni ma wani fari dogo ne ya taɓa cinye mini hatsin damina biyu. Zan zo kansa.

Shawarar taka ba ta da aibu. Na san tsararrakinka za su ce me ya hana ka babur, amma babur mai yake sha, kuma ko da yake matatar SORAZ tana nan kusa da Bakin Birji tun 2011, ban ga wanda ta ɗura wa tanki kyauta ba. Raƙumi kuwa aduwa da kandili da jiga suna nan a daji, babu mai tambayarsa kuɗi. Ƙasar nan tamu ta Damargu a bayan raƙumi ta yi suna. Mutanen Abzin su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, da ɗari su gangaro nan su sauya da hatsi, wasu su zarce har Kano. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, tare da ayarin gishiri ya shigo ƙasar nan, kuma a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a watan Janairun 1851. Kaosan da ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa Maris na 1917, a Damargu aka haife shi. Ba mu rasa sanin raƙumi ba ke nan. Sai dai farin 1973 da na 1984 sun kwashe garkuna, tsofaffin da suka san bakin raƙumi kamar tafin hannunsu suka bi baya, aka bar ku da hoto a waya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, raƙumin da ya yi aiki a hannun wani, duk abin da ya same shi yana rubuce a jikinsa. Kayan da aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, yunwar da ya sha, ciwon da ya yi, dukan da aka yi masa, kowanne ya bar sawu. Mai shi zai gaya maka abin da yake so ka ji, dillali zai ƙara gishiri. Jikin dabbar ne kawai bai iya ƙarya ba, in ka iya duba shi.

Amma kafin dubawa, ka zauna ka tambayi kanka aikin da za ka sa shi. A saƙonka ka ambaci ɗaukar hatsi daga ƙauyukan Tarka zuwa kasuwar Belbeji, ka ambaci jan ruwa, ka kuma ce ranar salla ka hau. Wannan raƙuma uku ne, ɗana. Na hawa siriri ne, dogayen ƙafafu, ƙaramin kai, cikinsa a ɗame, kuma shi ne mai satar ido a kasuwa. Na kaya, amale, gajarta ba ta rage shi da komai, abin nema a wurinsa faɗin ƙirji da kaurin ƙashi da kafaɗa mai nama. A doguwar tafiya irinsa yana ɗaukar kilo 150 zuwa 200, wato buhu biyu na hatsi ya kai shi iyaka. Na rijiya kuwa haƙuri ake nema a gare shi fiye da komai, don rijiyoyinmu ka san zurfinsu, zai wuni yana tafiya da igiya yana dawowa a layi ɗaya, ga hayaniyar bisashe, ga yara suna gilmawa ta ƙarƙashin wuyansa. In ka ɗora wa na hawa buhu biyu kullum, kafin damina ta zagayo ka karya shi. Tunda abincinka daga kaya zai fito, sayi na kaya, ranar salla ka shimfiɗa masa kilishi mai kyau, babu wanda zai tambaye ka asalinsa.

Ka kuma nemi wanda aka fiɗiye. Namijin da aka bari haka, da sanyi ya shigo sai ya tashi: kumfa a baki, yana fito da wata jar tsoka kamar balan-balan ta gefen baki, yana ruri, ya daina cin abinci sosai, ya rame, kuma a lokacin yana iya kama mutum da haƙori ya danne shi da ƙirji. Lokacin kuwa shi ne daidai lokacin da aka gama girbi, kaya suka yi yawa, kake bukatarsa kullum. Mai garke yana bukatar irinsa don taguwoyi. Kai ba ka da taguwa ko ɗaya.

Ranar da za ka duba, kada ka bari rana ta take. In da hali ma ka kwana a garin, ka je zangon da masu raƙuma suka sauka da yamma, ka gaisa, ka sha shayi, ka ga dabbar tun ba a yi mata kwalliyar kasuwa ba. Da magariba za ka gane ko yana da dundumi: mai shi yakan yi ta tuntuɓe da igiya da turke, yana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake abin da babu. Da asuba kuma mai tari ba ya iya ɓoye tarinsa. Ka dubi kashinsa inda ya kwana. Na lafiyayye ƙwallaye ne masu tauri, in ka ga ruwa-ruwa, ko cinyoyin baya duk sun ɓaci, akwai magana a cikin. Ka ga ko yana tuƙa a kwance hankali kwance. Raƙumin da ya kwana bai yi tuƙa ba, ni ko tayawa ba na yi.

Da gari ya waye ka ja da baya kamar taki ashirin, ka sa a ja shi ya tafi ya dawo, a kan ƙasa mai tauri, don rairayi yana rufa wa ɗingishi asiri. Raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, shi ya sa yake rangaji, to ka lura ko rangajin ya fi nauyi ta gefe guda, ko kansa yana sunkuyawa duk lokacin da wata ƙafa ta taɓa ƙasa. Sannan a gurfanar da shi a tashe shi, ba sau ɗaya ba, sau uku ko huɗu. Da gaba yake fara gurfana, da baya yake fara tashi. Kuka da gunaguni kada su dame ka, halinsu ne, raƙumi ko ba ka ɗora masa komai ba sai ya kai ƙara. Abin dubawa shi ne cinyoyin baya: in suna rawa lokacin tashi, ko ya yi yunƙuri biyu kafin ya miƙe alhali babu kaya a kansa, ka ƙaddara yadda zai yi da buhu biyu a tsakiyar hanyar Gangara.

Yana gurfane sai ka matso. Ka ce a sauke sirdi da duk wani tsumma da ke bayansa. In mai shi ya fara cewa ai yanzu aka ɗaura, wahala ce kwancewa, to nan ɗin ne ya kamata ka fi dubawa. Ka bi gaban tozo da gefensa da tafin hannunka, kana dannawa sannu. Inda ka ga farin gashi tsibi-tsibi a jikin da ba fari ba, tsohon mikin sirdi ne da ya warke, wannan da sauƙi, kusan duk mai aiki yana da shi. Inda ka ji tauri kamar dutse a ƙarƙashin fata, ko zafi, ko dabbar ta zabura, gyambo ne yake kwance, zai fashe a makon farko da ka ɗora kaya, kuma gyambon baya yana cin watanni raƙumi yana zaune kana ciyar da shi. Tozon kansa kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda yara suke cewa. Tsayayye mai tauri yana nuna dabbar ta ƙoshi. Wanda ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula yana nuna yunwa ko ciwo, kuma aikinka ne ka gano wanne daga ciki.

Akwai wani wuri da masu saye ba su cika leƙawa ba, don sai an durƙusa. A ƙarƙashin ƙirji akwai kanta mai faɗi da raƙumi yake kwanciya a kai. Ka duba kada ta tsage ko ta yi ruwa, don raƙumin da ba ya iya kwanciya a kan ƙirjinsa ba ya hutawa, kuma wurin ba ya warkewa da wuri tunda kullum a ƙasa yake. Ka kuma sa hannu a hammatarsa. Wani ƙirarsa ce haka, gwiwar hannunsa tana gugar gefen ƙirji in yana tafiya. A kasuwa ba za ka ga komai ba sai ɗan wurin da gashi ya goge, a tafiyar kwana biyu da kaya kuwa jini zai fito. Wannan aibi ba shi da magani, da shi aka haife shi. Tafin ƙafa kuma ka ɗaga kowanne ka gani, kada ya zama ya siɗe ya yi laushi, ko ƙaya ta taɓa huda shi ta bar rami.

Sai baki, inda shekaru suke. Kada ka sa hannunka da kanka, mai shi ya buɗe maka. A muƙamuƙin ƙasa akwai haƙoran gaba shida. Na nono ƙanana ne farare. Biyun tsakiya na dindindin suna fitowa wajen shekara 5, na kusa da su wajen 6, na gefe wajen 7, fiƙoƙi kuma su biyo baya su yi tsawo. Shi ya sa ma malamai suka ce raƙumi ba ya isa layya sai ya cika 5. Wanda bai gama sauya haƙora ba, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, in an riga an sa shi kaya masu nauyi an cuce shi, kai kuma za ka gaji cutar. Wanda haƙoransa suka siɗe suka zama guntaye, da gibi a tsakaninsu, ya ba 15 baya ko da mai shi ya rantse 9 ne. Tsoho yana iya yin ƙiba da damina ya yi kyan gani, amma da rani, lokacin da abinci ya koma ƙaya da busasshen reshe, bakinsa ba zai iya ba. Nemi mai cikakken baki wanda haƙoransa suke da kaifi har yanzu. Irin wannan zai yi maka shekaru masu yawa in ka riƙe shi da kyau.

To, bari in ba ka labarin farin nawa. Shekara biyu bayan farin 1984, hatsi ya yi kyau, na sayar da rumbu na nufi wata kasuwa da kuɗi a lalita. Na gan shi tun daga nesa, ya fi duk na wurin tsawo, an ɗaura masa sirdin Agadas mai ja da kore, cikinsa a cike taf. Dillalin ya ce mini wani Balaraben Libiya ya riga ya taya, ya tafi canjin kuɗi ne, yanzu zai dawo. Ban buɗe baki ba, ban sa an sauke sirdi ba, tsorona kawai kada Balaraben ya dawo. Wani tsohon Buzu yana zaune a gindin aduwa yana kallonmu. Da na wuce da akala a hannu sai ya taso, ya ja fatar idon raƙumin ƙasa da babban yatsa, ya dubi cikin, ya saki, ya ce mini Allah ya sa albarka, ya koma ya zauna. Sai bayan kwana biyu na gane abin da ya gani. Cikin nan da ya cika, ruwan kanwa aka ɗura masa da safe, ya sace. Cikin idon da ya kamata ya zama ja-ja, fari ne fat kamar auduga. Ciwon nan ne mai kama da sammoren shanu, wanda manyan ƙudajen damina masu cizo suke yaɗawa a bakin tabkuna. Zazzaɓi ya zo ya tafi, dabba tana ci tana ramewa, hawaye yana zuba, tozo yana narkewa. A lokacin allurar ciwon ba ta samuwa kusa. Wata biyar na yi ina jinya, daga ƙarshe mahauci ya ba ni abin da bai kai kuɗin sirdin ba. Balaraben kuwa har yau bai dawo daga canji ba.

Yanzu akwai allura, kuma ma'aikatan kiwo suna nan a Tanut da Belbeji. In ka ga wanda ya kwanta maka, ɗan abin da za ka ba likitan dabbobi ya zo ya duba maka bai kai kuɗin buhun dusa ba. Ka ja fatar idon da kanka kuma, yanzu ka san abin da ake nema. Ƙazuwa ita ma ka kula da ita: tana farawa a hammata da matsematsi da gindin wuya, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi baƙi, dabba ta yi ta guga da itace. In ka ga an shafe wurin da baƙin man mota, ba ado ba ne. Tana jin allurar ivermectin, amma tana kama sauran raƙuma, tana zama a sirdi da igiya, har mutum tana kamawa, don haka in za ka saya da ita a rage maka kuɗi, tsummokaran kuma a bar su can.

Tabon wuta iri biyu ne a jikin raƙumi, kada ka haɗa su. Akwai na magani, wanda makiyaya suke yi da ƙarfe mai zafi a inda ciwo yake. In ka gan shi a gwiwa, gwiwar ta taɓa ba da wahala, in a ƙirji ne ko haƙarƙari, ka tambayi tari. Akwai kuma lambar masu shi, a wuya ko cinya ko kunci, kowace zuriyar Buzaye da Larabawa da Tubawa da tata. Wannan ita ce takardar raƙumi tun kafin a san takarda. Ka tambayi mai sayarwa lambar wa ce, ta yaya ta zo hannunsa. In lamba biyu ce ko uku, ya bi hannaye, ka ji labarin kowanne. In ka ga an ƙona wata a kan wata don a ɓata ta, ka yi sallama ka tafi ko nawa aka rage maka. Raƙumin sata ko bayan shekara biyar mai shi zai gane shi a bakin rijiya, ya kawo shaidu, ka rasa dabba ka rasa kuɗi, wataƙila ka kwana wurin jandarma. Araha ba ta ado.

Dillali ba abokin gaba ba ne, kada labarina ya sa ka raina su. Na kirki shi ne wanda yake zaune a garin, kowa ya san ƙofar gidansa, in magana ta taso gobe shi zai nemo maka wanda ya kawo dabbar. La'adarsa kuɗin wannan tsayawar ce. Sai dai ka tuna sai an yi ciniki yake ci, don haka ka zo da naka mutum wanda ba shi da ko dala a cikin cinikin. A biya a gaban shaidu, ka karɓi takardar kasuwa, a rubuta kamannin raƙumin da lambarsa. Ka kuma tambayi mai shi a gabansu, kai tsaye: akwai aibin da ka sani? Shari'a tana bayanka a nan. A Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya hana a ƙi tatsar taguwa ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, aka ba wanda aka yi wa haka zaɓin ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Littattafanmu na Malikiyya, Risala da Muhtasar, sun yi bayanin mayar da abin da aka ɓoye aibinsa. Amma hakkin mayarwa yana amfani ne in ka san inda za ka sami mutumin, wanda kuwa ya nufi Tasara ko Maigatari da kuɗinka, sai dai ku haɗu a lahira.

Kada ka zuba duk kuɗin a kan dabbar. Akwai sirdin kaya da igiyoyi da dabaibayi, akwai gishiri da kanwa, akwai maganin tsutsar ciki bayan damina, akwai dusa da harawa na watannin bazara in kana so ya ci gaba da aiki lokacin da daji ya ƙone. Akwai kuma wadda ba a lissafawa sai ta faru, wato ɓarna. Tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, mu nan a bakin layin muke, gona da makiyaya suna gugar juna. Raƙumi ɗaya in ya kwance da dare kafin a saki gonaki, abin da zai yi wa wake da hatsin maƙwabci kafin asuba zai kai ka gaban mai gari da hula a hannu. Wa zai bi shi kiwo ranar da kake gona? In amsar ita ce ƙanenka, ka tuna yana makaranta, kuma uwarku ba za ta yarda a cire shi ba, ni ma haka.

Game da lokaci, bayan damina kowane raƙumi kyakkyawa ne, kitse ya rufe komai, kuɗinsa kuma ya hau. A bazara suna araha, kuma wanda ka gani tsaye da ƙarfinsa a watan Mayu ka san na gaske ne, sai dai za ka ciyar da shi daga aljihu har ruwa ya sauka. Tunda kana da harawar bara a kan rumfa, ni da bazara zan saya. Ka fi son wanda ya tashi a ƙasar nan, ya san itatuwanmu da ruwan rijiyoyinmu, don baƙo daga nesa yakan yi wata da watanni yana kewar inda ya fito, in ya sami sarari kuma can zai nufa ko da dabaibayi.

In kun daidaita, ka roƙi a bar ka ka ɗora masa kaya ka zagaya bayan gari kafin a ce an sallama. Ka ga ko yana tsayawa a ɗaure masa, ko yana juyo da kai neman cizo, ko yana firgita in babur ya wuce. Wanda yake kau da kai da sauri duk lokacin da aka ɗaga hannu, an saba dukansa a fuska, kuma irinsu suna riƙe abu a ciki.

Shi farin na hoto, ka ce wa abokinka ya gaya wa mai shi muna zuwa gani, kada ka aika ko jika ɗaya ta waya da sunan kafin alƙalami. Ka biyo ta nan ran jajibirin kasuwa mu tafi tare, mu kwana can. Ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu, sai ka ɗauke ni a babur ɗin ɗan maƙwabcinmu, ka zuba masa mai. Ka zo da fitila mai haske saboda duban magariba, da sukari da ganyen shayi na mutanen zango, da buhu biyu da za mu cika da rairayi mu gwada shi da su.